Kafin ki sayi tikitin Tunis, wa zai duba ki a Maraɗi?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a unguwar Ali Ɗan Sofo, shekaruna 39, ƴaƴana huɗu, ina sana'ar atamfa da leshi a gida. Nauyina kilo 127, tsawona mita 1 da santi 62. Shekara shida ke nan ina fama da ciwon suga, ga tansiyo, wato hawan jini, gwiwoyi kuma sun hana ni sallah a tsaye. Na sha ganye iri-iri, na yi ta horar da kaina da yunwa, in sauke kilo biyar in mayar da takwas. Likitan da ke duba ni a Yamai ya ce lokaci ya yi da zan yi tunanin aikin rage ƙiba. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani mai kai mutane Tunis, babban birnin Tunisiya, a yi musu aikin, ya ce kwana biyar an gama na dawo gida. Maigida ya yarda, zai ma taimaka da kuɗi, amma yana son ƙarin haihuwa. Inna kuwa ta ce wannan canza halittar Allah ne, ta kuma tuna mini cewa da hannuna na sha maganin ƙara ƙiba ina amarya. Gaskiyarta ce, har yanzu ma nakan haɗiyi ƴar ƙwayar in gwiwa ta matsa mini. Ina so a yi aikin kafin azumi don in yi ibada da sauƙin jiki. Me zan shirya, kuma me zan tarar bayan an gama?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya.

Likitanki na Yamai bai yi gaggawa ba. Akwai lissafin da ake yi, a raba nauyin mutum da tsawonsa, a sake raba abin da ya fito da tsawon, shi ake kira BMI. Naki ya haura 48. Tun 1991 likitocin Amurka suka sa iyakar yin aikin a kan 40, ko 35 in akwai wata cuta irin suga ko hawan jini, a 2022 kuma ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka ƙara sauko da iyakar zuwa 35 ko da babu wata cuta. Kin ga ke kin wuce ta kowace fuska. Kuma kada ki zargi kanki da rashin juriya saboda kilo biyar ɗin da suke komowa takwas. Idan ƙiba ta kai nan, jiki da kansa yake yaƙi da ramewa, ya ƙara yunwa, ya rage ƙona abinci. Ba kasafai hana kai abinci kaɗai yake ɗorewa ba.

Inda nake da ja shi ne maganar mutumin nan ta kwana biyar. Kwana biyar na asibiti ne. Shi da ya kai ki filin jirgi ya karɓi kamashonsa, aikinsa ya ƙare, naki kuma a ranar ya fara. Hannun likitan da zai yi aikin yana da muhimmanci, ba musu, amma yawancin wahalar da mata suke sha tana zuwa ne bayan sun dawo gida, inda babu wanda ya san abin da aka yi a cikinsu. Saboda haka kafin ki tambayi farashi, samo likita a nan Maraɗi, a babban asibiti ko a asibitin kuɗi, wanda zai ce miki da bakinsa ya yarda ya riƙa duba ki. Ya san irin aikin, ya san gwajin jinin da za a riƙa yi bayan wata uku, wata shida, shekara ɗaya, sannan duk shekara har iya rayuwa, kuma in dare ya yi kin rikice kina da lambar da za ki kira. In ba ki samu wannan mutumin ba, ba ki shirya ba, ko da kuɗin sun cika.

Aikin iri biyu ne aka fi yi, duka ta ƴan ƙananan huda a ciki da kyamara, ba a tsaga ciki. Na farko, wanda suke kira siliv, ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siriri mai siffar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa watannin farko mace takan manta ma ba ta ci ba. Ba a mayar da shi, wanda ya fita ya fita. Na biyu, baifas, ana ware ɗan aljihu a saman tumbi da bai wuce mililita 30 ba, a haɗa shi kai tsaye da hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Baifas ya fi ƙarfi a kan ciwon suga, kuma ya fi dacewa da mai yawan ƙwannafi, domin siliv yakan ƙara ƙwannafi. Sai dai ya fi jawo ƙarancin jini da na bitamin, ya fi bukatar bibiya. Wadda take zaune fiye da kilomita 600 daga Yamai dole ta sa wannan a ma'auni. Ki faɗa wa likitan aikin inda kike zaune, da irin gwajin da ake iya yi a garinku, ku yanke tare. Likitan da ya zaɓa miki iri ta WhatsApp bai ga sakamakon gwajinki ba, ki bar shi.

A hannun ƙwararru haɗarin mutuwa a wannan aiki ƙanƙane ne, kusan daidai da na aikin cire matsarmama. Galibi mutum yakan sauke kwata zuwa sulusin nauyinsa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A wurinki ke nan kilo 30 zuwa 40. Ba za ki koma jikin ƴan mata ba, amma gwiwa za ta ji bambanci, da yawa kuma sukan rage maganin suga ko su daina shi na tsawon shekaru.

Yanzu ƴar ƙwayar nan. A duk wasiƙarki ita ta fi tsorata ni, ke kuwa a gefe kika ambace ta. Abin da ake sayar wa amare da sunan sha-ka-fashe yawanci deksametazon ne, wani lokaci a haɗa da maganin buɗe ciki. Deksametazon yana kumbura fuska da wuya da ciki, yana tayar da suga, yana tayar da tansiyo, yana cin ƙashi, yana hana rauni warkewa. Mai yiwuwa wani kaso na ciwon da kike fama da shi yau daga nan yake. Abin da ya fi wannan haɗari: wanda ya daɗe yana shan sa, jikinsa yakan daina samar da nasa sinadarin da ke riƙe jini lokacin wahala, to idan aka kwantar da shi aka yi masa aiki ba a sani ba, jininsa zai iya faɗuwa warwas a kan tebur. Kada ki daina shi dare ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ɗauki kwalin ko takardar ƙwayar ki kai wa likita, ki gaya masa tun yaushe kike sha, kuma sau nawa a mako. Ba kunya a nan. Ba ke kaɗai kika sha ba, mu ne muka raini ƴaƴanmu a kan cewa amaryar da ba ta cika ba mijinta ya gaza. Shi likita zai san yadda zai janye miki shi a hankali.

Sauran shirin na gwaji ne, kuma mafi yawansa ana iya yi a gida Nijar. A auna sugar watanni uku da suka wuce, in ta yi sama sosai a fara saukar da ita, don rauni ba ya haɗuwa da kyau a jini mai suga. A duba yawan jini da sinadarin ƙarfe, tunda ƙarancin jini ya yi yawa a matanmu, kuma aikin ƙara shi zai yi. A duba hanta, ƙoda, zuciya, da ciwon hanta nau'in B. A zura kyamara ta baki a ga tumbin, in akwai ƙwayar cutar nan mai kawo gyambon ciki a kashe ta tukuna. Tambayi maigida ko kina minshari har numfashi ya ɗauke cikin barci, in haka ne mai sa barcin aiki yana bukatar ya sani. In kina taɓa shisha, ki aje ta aƙalla mako shida kafin ranar. Kusan mako biyu kafin aiki za a sa ki a abinci mai ƙarancin sitaci da mai, don hanta ta saɓe ta ba likita wuri, saboda a kan tumbi take kwance. A waɗannan makonni maganin sugarki zai iya yi miki yawa har ki faɗi, don haka likita ne zai daidaita shi.

Ga tambayoyin da za ki yi wa asibitin can, ba wa dillali ba: aiki nawa irin wannan likitan yake yi a shekara, akwai ɗakin kulawa ta musamman, in matsala ta taso wa zai biya kwanakin da suka ƙaru. Ki ce za ki zauna kusa da asibitin aƙalla kwana goma kafin ki hau jirgi, kuma ki tafi da mutum, ƴar'uwa mai ƙarfin jiki da ba ta jin nauyin tambaya. Kada ki baro su sai da cikakken rahoton aikin a rubuce da Faransanci. In kin sauka Yamai ki huta, kada ki faɗa bas washegari. Zaman awanni a kujera bayan aiki yana daskarar da jini a ƙafa, gudan jinin ya tafi huhu. In an rubuta miki allurar tsinka jini ki cika kwanakinta, a hanya kuma duk inda mota ta tsaya, Dosso ko Doci ko Ƙonni, ki sauka ki taka.

Wannan sakin layin ki karanta wa maigida da duk wanda zai kwana da ke. Matsala mafi muni a makonnin farko ita ce ɗinkin tumbi ya yi yoyo. Alamarta ta fari sau da yawa bugun zuciya ne, ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, sai zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwo a kafaɗar hagu, numfashi sama-sama. Mu nan duk zafin jiki sunansa masassara, a aika yaro farmasi a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a jira kwana uku. Kwana ukun nan su ne suke kashewa. Zazzaɓi a watan farko bayan wannan aiki na asibiti ne a daren, da rahoton aiki a hannu. A gwada masassara, ba laifi, amma ko an same ta kada a tsaya nan sai an tabbatar ɗinki lafiya yake. Haka ƙafa ɗaya ta kumbura, ko baƙin bayan gida. Amai kuma da ya ƙi tsayawa kwanaki yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da ido da tafiya, kuma lahanin kan zauna. In za a sa miki ruwa mai suga a irin wannan hali, a fara ba ki B1 ɗin.

Abinci yana tafiya mataki-mataki. Makonni biyun farko ruwa-ruwa ne zalla: romon kaza ko na kifi da aka tace, madara marar suga, kindirmo da aka tsinka. Sai abin da aka niƙa laushi, sai mai taushi irin dafaffen ƙwai da kifi da wake da ya nuna lugub, kusan mako shida zuwa takwas kafin a koma abincin gida. Ko a lokacin, ƴan cokula ne za su cika ki. Abin da jiki ya fi bukata shi ne abinci mai gina jiki, giram 60 zuwa 80 a yini, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, kin ga akwai aiki. Allah ya rufa asiri muna da abin a kusa: kifi, kaza, ƙwan zabi, wake, nono, awara in an dafa ta a miya maimakon suya. Cokalin garin madara a cikin kindirmo yana ƙara masa ƙarfi. Ki fara cin naman ko waken, sannan ganye irin zogale, tuwo ya zo ƙarshe in an samu wuri. Tuwo da shinkafa da burodi da taliya sukan cushe a sabon tumbi, kilishi kuma sai an yi watanni. Ki tauna sosai, ki daina da jin alamar farko ta ƙoshi. Cokali ɗaya na kwaɗayi shi ne amai.

Ruwa ya fi abinci wuya. Ana so ki sha lita ɗaya da rabi a yini, amma ba za ki iya kafa kai a moɗa ba, kurɓa ce kaɗan-kaɗan daga safe har dare, kuma ba a haɗa shi da abinci, sai an bar rabin awa tsakani. Rashin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti ko a ƙasashen sanyi, balle Maraɗi a watan Afirilu da zafi ke wuce digiri 40. Shi ya sa in da zaɓi, ni lokacin ɗari zan ce, Nuwamba zuwa Janairu.

Wannan ya kawo mu ga azumi, kuma ba abin da kike so ki ji zan faɗa ba. Wadda aka yi wa aikin nan ba ta iya shan ruwan yini guda tsakanin magariba da asuba, tumbin ba zai ɗauka ba, ga suga ga maganin tansiyo da ake ta sauya musu ma'auni. Likitoci da yawa sukan hana azumi a shekarar farko. To ki sa a ranki tun yanzu cewa azumin da ya biyo bayan aikin za ki sha shi, ki rama lokacin da likita ya sake ki. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame a fili. Kada ki matse shirin watanni cikin makonni don ki riga ganin wata.

Furar nan tamu ma sai mun yi magana. Aikin yana hana abu mai tauri wucewa da yawa, ba ya hana mai ruwa. Fura da suga, kunu mai zaƙi, lemun kwalba, shayin nan mai kumfa da ake juyawa sau uku, duk za su sulale su wuce kamar ba a yi komai ba, kuma ta nan ƙibar take dawowa bayan shekara biyu ko uku. Mai baifas ma tun a take take biya: ta sha zaƙi, sai zufa, jiri, bugun zuciya da gudawa. Ke kuma mai sana'a a gida ce, baƙi ba sa yankewa, kowace mai sayen leshi sai an kawo mata abin sha. Ki ajiye naki gefe, ruwa ko zoɓo marar suga, ki saba da cewa likita ya hana. Ranar biki da suna ki ci naki a gida kafin ki fita.

Abubuwa biyu na har abada ne, ki sa su a lissafin kuɗi kafin ki ce kuɗi sun cika. Na ɗaya bitamin: haɗaɗɗiyar ƙwaya kullum, ƙarfe, kalsiyam da bitamin D, da B12 wanda sau da yawa allura ce duk bayan ƴan watanni. Wanda ya bar su ba ya ji a take, sai bayan shekara ƙafafu su fara mutuwa, jini ya ƙare. Duba tun yanzu ko ana samun su a farmasin garin nan, da nawa suke a wata. Na biyu, magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diklofenak, waɗanda masu tallar magani a tire suke ba kowa, sun haramta gare ki, musamman in baifas aka yi, domin suna huda gyambo a wurin ɗinki. Ke mai ciwon gwiwa ce, hannunki zai kai gare su. Parasetamol, in bai isa ba ki koma wurin likita.

Maganar haihuwa ki zaunar da maigida tun kafin ya fitar da kuɗinsa. Ba a son ciki sai an yi wata 12 zuwa 18, lokacin da nauyi ya tsaya, saboda jikin da ke zubar da kilo kowane mako ba shi da abin ciyar da ɗa. Kuma haihuwa takan buɗe da zarar an fara ramewa, har ga wadda ta daɗe ba ta samu ba. Ƙwayar tsarin iyali ta haɗiya ba a dogara da ita bayan baifas, gara ta dantse ko ta mahaifa. A lissafa da shi: in an yi aiki kina 39 ko 40, ciki sai kina 40 ko 41 ko fiye. Zai yiwu, kuma ya fi aminci fiye da ciki a kilo 127 da suga da tansiyo, amma kada a yi masa alkawarin abin da ke hannun Allah. In ya ce ba zai iya jiran shekara ɗaya da rabi ba, gara ki ji yanzu.

Inna kuma kada ki yi gardama da ita. Tsoro ne ya sa ta jawo maganar halitta, ƴarta za a kai wata ƙasa a yanka. Ba don kwalliya za ki yi ba, cuta ce ta zaunar da ke a sallah, kuma hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ki nemi malamin da take jin maganarsa, ki yi masa bayanin ciwon yadda yake, ku je tare. Sannan ki ba ta aiki, ita za ta riƙa dafa miki romon makonnin farko. Uwar da aka ba aiki takan daina adawa.

Gari kuwa zai yi magana. Mace ta sauke kilo 30 cikin shekara a Maraɗi, wasu za su ce ciwon zamani ne, wasu su ce sammu, wasu su ce kasuwa ta karye ko maigida zai ƙaro aure. Wajen wata na uku zuwa na shida gashi zai zuba, abin da zai ƙara musu abin faɗa, amma yana dawowa in kina cin mai gina jiki. Fata za ta saki a dantse da ciki da cinya. Wasu matan sukan shiga ƙunci a watannin farko, domin abincin da suke huce haushi da shi an raba su da shi, in kin ji haka ki faɗa wa likita, kada ki ce shagwaɓa ce. Ki zaɓi mutum biyu ko uku da za su san gaskiya, sauran ki ce musu kina maganin suga ne likita ya sa ki a doka, kuma ba ƙarya kika yi ba.

A wannan makon abu biyu kawai nake so ki yi. Kai kwalin ƙwayar nan wurin likita, sannan ki gaya wa mai kai mutane Tunis cewa ba za ki ba da ko dala ba sai kin yi magana da likitan aikin da kansa, ya ga sakamakon gwajinki. In kin samu wanda zai riƙa duba ki a nan, ki sake rubuto mini mu tsara abincin makonni shidan farko da abin da ake samu a kasuwar Maraɗi.